Yadda Na Goge Muryar Mijin Mama

Ina da ɗan shago a bakin hanyar Farin Gada a Jos, inda nake gyaran waya da kwamfuta. Karatuna bai wuce sakandare ba, gyaran ma da ido na koya, ina kallon masu yi. Abin da zan faɗa laifina ne ni kaɗai, babu wanda ya taya ni.

Akwai wata dattijuwa Bayarbiya da ke zaune a Gada Biyu, tana sarin tumatir da attaruhu a kasuwa. Kowa Mama yake ce mata. Wata Talata da hantsi ta shigo da laftof naɗe a cikin zani, ta ajiye a kan teburina a hankali. Na san kwamfutar, domin watanni kaɗan kafin nan ni na canza mata hinji, ƙarfen da ke riƙe murfin. Ta ce 'yarta ta haihu a Legas, tana son su riƙa ganin juna, amma kyamarar da ke saman murfin ta ƙi aiki. Ban tambaye ta tun yaushe ba. Da na tambaya, da ban rubuta wannan ba.

Kafin ta tafi ta nuna mini wata 'yar alama a fuskar kwamfutar, wadda 'yarta ta saka mata, an rubuta Baba a ƙarƙashinta. Mijinta malamin makaranta ne. A cikin jinyar da ya rasu, yakan zauna gaban wannan kyamara ya ɗauki kansa yana magana: addu'o'i ga jikoki, da labarin yadda mahaifinsa ya zo Jos zamanin haƙar kuza. Bidiyo goma sha ɗaya ne, kuma babu su a ko'ina sai nan.

"Ɗana, komai za ka yi, yi," in ji ta. "Amma wannan kada ka taɓa. Mutumin yana ciki."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, aikin minti goma ne.

Na duba jerin kayan da kwamfutar ta san tana da su, babu kyamara sam, kamar ba a taɓa saka mata ba. Na sauko da manhajar da ke tuƙa kyamarar na saka, shiru. Na kashe na kunna, shiru. Ga ɗalibai biyu a tsaye suna jiran wayoyinsu, suna kallon hannuna, ni kuwa ba na son a ga na rasa abin yi. To ina da wata ɗabi'a: duk abin da ya gagare ni, sai in yi masa fomat, wato in share komai in sake zuba sabo. Maƙwabcina a sana'a, wani ɗan Anguwan Rukuba da ya fi ni sanin aiki, har Oga Fomat yake kirana. Yakan ce ko rediyo aka kawo mini sai na nemi inda zan yi masa fomat.

Ban manta da gargaɗin Mama ba. Na soka filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake kwafar abu a ciki, na jawo alamar Baba na jefa a ciki. Kafin in ƙifta ido ta shige. Bidiyo goma sha ɗaya ba sa shigewa haka, kuma na sani, amma hankalina yana kan ɗaliban. Na yi fomat.

Bayan azahar kwamfutar ta tashi fes. Na duba, babu kyamara.

Sai a lokacin na ɗauki sukudireba na ɓalle bakin murfin. Siririyar wayar kyamarar tana reto, ba a jona ta ba, an manne ta gefe da guntun salatif rawaya. Na daɗe ina kallon salatif ɗin. Nawa ne. Haka nake yi idan zan canza hinji, in cire wayar in manne ta gefe don kada ta tsinke. Ranar na rufe murfin ban mayar da ita ba. Na jona ta da yatsa biyu, 'yar fitila ta kama, fuskata ta fito a allon, baki buɗe.

Na mayar da alamar Baba daga filash, na danna. Wani rubutu ya fito yana cewa ba a sami abin ba. Na sake dannawa. Na kira maƙwabcina, ya zo yana dariya, yana tambaya yau kuma wa na aske. Da ya leƙa sai dariyar ta tsaya. Ya ɗora farce a kan wata ƙaramar kibiya da ke gindin alamar, ya ce wannan ai mai nuna hanya ce kawai, bidiyon suna can wani wuri a ciki, wurin da na share. Na zauna a ƙasa. Ya ce in kashe ta nan take, kada in ƙara taɓa komai, ya zare ma'ajiyar da ke cikin kwamfutar ya tafi da ita.

Kwana biyu yana fama. Uku suka dawo: biyu lafiya, ɗaya hoto babu murya. Takwas sun tafi.

A kwana biyun nan na shirya ƙarya tsaf. Zan ce cuta ce ta shiga kwamfutar, na yi ƙoƙari na ceto uku. Mama ba za ta taɓa ganewa ba, har godiya za ta yi mini. Da wannan ƙarya a bakina na yi sallar asuba ranar Alhamis.

Mama ta zo da ƙullin tumatir ta ajiye mini. Na nuna mata kyamarar, ta ga fuskarta, ta gyara ɗankwali tana murmushi. Sai ta ce, "Ina Baba?"

Ƙaryar ta ƙi fita. Na faɗa mata komai, tun daga salatif ɗin. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, ta dai dafa tebur tana kallona kamar ba ta jin Hausa. Can ta tambaya ko bidiyon da ya yi mata addu'a ita kaɗai yana cikin ukun. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Shi ne marar muryar.

Tsohon yana zaune da hula, leɓɓansa suna motsi, babu sauti. Mama ta matso. Sai na ji ta fara magana ƙasa-ƙasa da Yarbanci, tana bin bakinsa, inda ya tsaya ta tsaya, inda ya yi tari ta jira shi. Ashe ta haddace.

Da ya ƙare ta ce, "Kyamarar tana ɗauka yanzu?" Na ce tana ɗauka. "To kunna, ka fita waje. Sauran takwas ɗin, abin da na riƙe zan faɗa kafin ya zube."

Na tsaya a bakin shago fiye da awa ɗaya, ana ta sauke buhunan kabeji daga mota, ina korar masu shigowa. Da ta gama, maƙwabcina ta kira, ba ni ba, ya kwafe mata bidiyon duka a filash biyu, ya buɗe kowanne a gabanta ta gani.

Na roƙe ta gafara. Ta naɗe kwamfutar a zaninta, ta ce ta ji. Tumatirin ta bar mini. Har yau idan ta wuce nakan gaishe ta, takan amsa, amma ba ta sake ce mini ɗana ba.