Gudun Asuba a Ƙofar Baba

Shekarar da na cika arba'in da biyu na sa sunana cikin tseren gudu na kilomita goma da aka shirya wa ma'aikata a Magarya. Ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Dungas, 'ya'yana huɗu, uwarsu kuma tana goyo. Tun safe ba ni da kaina: in goya yara a moto, wato babur, in shiga aji, in dawo da cefane, bayan magariba in zauna sauraren haddarsu. Na duba yinina sama da ƙasa, ban ga inda zan cusa gudu ba sai tsakanin sallar asuba da fitowar rana. Wannan lokacin kuwa yana da mai shi.

Mahaifina ne mai shi. Idanunsa sun daɗe da tafiya, kullum in an fito masallaci sai a shimfiɗa masa buzu a ƙofar zaure. Nan nake zuwa in tuɓe takalmi, in tsuguna, mu gaisa. Gaisuwar Baba ba ta ƙarewa: kwana, gajiya, mai goyo, tumaki, sai labarin wata damina da aka yi tun ban yi wayo ba. Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kama sunana ba, amma ba ya taɓa kununsa sai na zo.

Makon farko na rage zaman. Na biyu na gaishe shi a tsaye, ina ɗan tsalle wuri ɗaya don kada jikina ya huce. Na uku na riƙa wucewa a guje ina ɗaga masa hannu. Makaho nake ɗaga wa hannu, jama'a, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane ladabi! Na ce a raina ai wata biyu ne, in an gama tsere na dawo mu ɗora.

Wata safiya ina wucewa sai na ji muryarsa: "Mushe, an tashi lafiya? Ina gajiya?" Takuna ya gane, shi ya fara gaishe ni, da kiran da 'yan makaranta suke yi wa malaminsu, a gaban dattawan unguwa. Kunya ta kama ni har tafin ƙafa, amma ban tsaya ba. Na jefa masa "Lafiya lau, Baba!" na miƙe hanya. Ranar na yi saurin da ban taɓa yi ba, kuma na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Daga nan bai ƙara cewa komai in na wuce ba.

Ana gobe tsere matata ta ce, "Haka za ka tafi ba addu'ar tsoho?" Gaskiyarta. Tun ina yaro ko jarrabawa ban taɓa shiga ba sai ya dafa kaina ya sa mini albarka. Bayan la'asar na sa babbar riga na je, na tarar da shi cikin dattawa. Na tuɓe takalmi, na yi sallama, na tsuguna.

Ya ce, "Wane ne?"

"Ni ne, Baba."

"Kai wa? Muryar ta ɓace mini."

Wani dattijo ya ce, "Haba Malam, ai naka ne."

"Nawa ba ya zama," in ji Baba. "Tashi ka ruga in ji."

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Shi bai yi ba, jira kawai yake. Na tashi, na tattare riga, ƙafa ba takalmi na ruga har bakin famfo na juyo. Mata masu ɗibar ruwa suka saki baki suna kallo, cikinsu har da babbar 'yata, bokiti a ka. Na dawo na durƙusa ina haki, na miƙa masa kaina.

Ya ce, "E, shi ne."

Sai ya juya wajen na kusa da shi, ya ci gaba da zancen tsutsar da ta faɗa wa gero. Na zauna a durƙushe ina jiran hannunsa har aka kira magariba. Wani ya kama masa sanda suka tafi masallaci.