Barmo da Akwatin Hoton Mahaifinsa

Barmo bai taɓa cewa yana son sana'ar hoto ba. A gidansu ya tarar da ita, a Gangara, cikin ƙasar Damargu. Mahaifinsa, Malam Falalu, shi ne mai akwatin nan na katako mai ƙafa uku, wanda ake cusa kai cikin baƙin ƙyalle a ɗauki mutum, a kuma wanke hoton a cikin akwatin. Da idon tsohon ya mutu, sai kayan suka koma kan keken Barmo.

Kayan sun fi ƙarfin keke. Akwatin a baya, ɗaure da roba. Ƙafafun a jikin ƙarfen tsakiya, suna gogar masa cinya, ga kwalaben ruwan wanke hoto suna karo da juna cikin buhu. Hanyoyin Damargu kuwa rairayi ne, rabin tafiyar turawa yake yi.

A zamanin Malam Falalu layi ake yi, masu neman katin ɗan ƙasa da 'yan makaranta. Barmo kuwa yakan yini a gindin aduwa a kasuwar Tanut, samari na ɗaukar hoton akwatin da wayoyinsu na salula suna dariya.

Wata rana abokinsa Aghali, direban babbar mota, ya same shi a nan.

"Na buɗe shagon kayan mota a Agadas, ina neman mai riƙe mini. Ajiye katakon nan ka zo."

Da Barmo ya gaya wa matarsa Rahama, a ranar ta fara wanke masa tufafi. Bayan la'asar ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, Aghali ya samo mini aiki a Agadas."

"Madalla. Allah ya sa albarka. Akwatin fa?"

"Sai a ajiye a ɗaki, Baba. Ba mai nemansa yanzu."

"Ɗauko mini shi."

Tsohon ya ɗora shi a cinya yana shafawa, ya lalubo wata ƙusa da ta yi sako-sako, ya danna ta da babban yatsa.

"Ban hana ka ba, Barmo. Ni dai ranar kasuwa in na ji kekenka ya fita, nakan ji kamar ni na fita."

Da tsohon ya yi faɗa, da Barmo ya tafi. Aghali ya jira, ya gaji, ya ɗauki wani.

Malam Falalu ya yi shekaru bayan haka, sai daminar bara ya rasu. Lokacin furfura ta cika gemun Barmo, gwiwoyinsa sun fara ciwo, kuma bai iya wata sana'a ba. Takardar hoton da ake kawo masa daga Kano ita ma ta yanke. Rahama ta sayar da akuyarta ta saya masa salula mai kyamara.

Ranar farko ya je kasuwar Belbeji da salular kaɗai, ba wanda ya dube shi. Mako na gaba ya hau keke da akwatin, sai ga tsofaffin makiyaya suna gyara rawani suna zama. Yanzu cusa kai yake cikin ƙyallen, ya zura salular ta gefe ya ɗauka, a buga masa a Tanut, ya kawo musu kasuwa mai zuwa.

Rahama tana shafa masa man zafi a gwiwa ta ce, "Malam, akwatin da ba ya aiki, don me kake kashe kanka da shi?"

Ya ce, "In na je ba shi, wa ya san ni?"