Muryar Kawu a Kan Zare

Tun ranar da aka ba ni akwatin nan zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina gyaran rediyo a wani ɗan shago a bakin kasuwar Makarfi, sai ga wani ma'aikacin ofis daga Zariya, mai farar riga da alƙalami a aljihu, ya kawo mini rediyonsa. Na gyara. Kasuwa ta zagayo ya dawo da kaya a bayan mota: akwatin haɗa murya irin na motar majigi, da rakoda mai ɗaukar murya a kan zare, da ɗan injin wuta. Ya ce an yar da su a sito, in gwada sa'ata. Na tambayi abin da zan ba shi.

"Ba komai, Malam," in ji shi. "In ka tashe shi, ka bar ni in riƙa jin abin da kake ɗauka."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. A zamanin siyasa ta yi zafi, mutum kan faɗi magana a gindin bishiya da safe, kafin la'asar 'yan doka sun zo da igiya. To me zai sa baƙo ya ba ni irin wannan kaya a banza? Amma kwaɗayin sana'a ya fi ƙarfina, na karɓa.

Damina guda na yi a kansa. Da na buɗe bayansa gidan zanzaro na fara tararwa, ɓera kuma ya cinye rabin wayoyin. Kwalabe shida ne a ciki masu kama da ƙwan fitila, su ke ƙara wa murya ƙarfi, biyu sun mutu, na ciro wasu daga tsofaffin rediyoyi. Ƙarfen liƙi a garwashi nake gasa shi, in ɗiga dalma, har yau tabon yana babban yatsana. Makirfo uku yake ɗauka, na ƙara masa na huɗu da hannuna, don mawaƙi da ganga da 'yan amshi kowa ya sami nasa. Da ya tashi sai ya kama wani gunji kamar bijimin sa. Maganinsa a kafa ƙarfe a ƙasa a ɗaura masa waya, a riƙa zuba ruwa. Maƙwabcina mai sayar da mazarƙwaila ya gan ni ina shayar da ƙarfe kowace safiya, ya daina amsa gaisuwata da kyau. Wasu suka ce asiri na binne. Wasu suka ce ta wayar nan magana ke bi ta ƙarƙashin ƙasa har Zariya. Ni da na san ƙarya ce, wani lokaci sai in tsaya ina kallon akwatin.

Duk wahalar nan saboda mutum ɗaya na sha ta: Kawu, yayan mahaifiyata. Shi ke wa manoma waƙa a gayya, daga Paki har Hunkuyi babu gonar kirki da gangarsa ba ta shiga ba. Ya tsufa, tari ya kama shi, ni kuwa ina so muryarsa ta zauna. Ya ƙi. Sai da Inna, mahaifiyar tawa, ta je da kanta ta roƙe shi. Ya zo shagon, ya zagaya akwatin bai taɓa shi ba.

"Ɗan nan, yaushe abin naka yake ji?"

"Sai zaren yana juyawa, Kawu. In bai juya ba kurma ne."

"Kuma ba zai juya ba sai na ce?"

Na ce sai ya ce.

Bayan kaka muka sa rana. Na lulluɓe bango da buhuna don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Da hantsi ya zo da mai ganga da 'yan amshi biyu. Ni kuma ina da wata ɗabi'a ta aiki: kafin waƙa nakan saki zare in ɗauki 'yar hira, in daidaita muryoyi. Hannuna ne ya yi, wallahi ban ma tuna alkawarin ba. Rakodar tana bayana, na rufa mata ƙyalle saboda ƙasar da ke zubowa daga rufi, ba wanda ya ga tana juyawa. Kawu kuwa ya saki baki a kan mai garinsu, yadda ya ƙwace gonar raken wani mutum don bai bi ɓangarensa ba, ya kama suna ɗaya bayan ɗaya. Yana gamawa ya ce bismillah, ganga ta tashi. Waƙa uku ya yi, tsakanin kowace ya koma kan mai gari, ni kuma daɗi ya ɗebe ni ban tsayar ba. Ban taɓa jin ya yi waƙa kamar ranar ba.

Da suka tafi na saurara, na ji duk hirar mai gari ta hau zaren. Ya kamata in yanke wuraren hirar in liƙe sauran. Zare ɗaya gare ni, ina tsoron ɓata shi, na ce sai gobe. Goben ta zama kwana uku.

Ranar kasuwa ina ɗaga kai sai ga mai farar rigar nan a ƙofa. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki, ya zauna a benci. Ya ce ya ji an ɗauki tsohon nan mai gangar noma. Wa ya gaya masa? Ban san daidai inda hira ta ƙare waƙa ta fara ba sai na kunna, lasifika kuma ɗaya ce, abin da na ji shi ma zai ji. In na hana shi, ya tabbata akwai abin ɓoyewa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai kwalabe sun ɗauki zafi."

Na tayar da inji. Na mayar da zaren farko, na murɗe duk makirfo ƙasa, na danna wurin ɗauka, na mayar da ƙyallen. In aka yi haka zare shiru yake ɗauka, ya shafe abin da ke kai. Rabin awa muna zaune, na aika aka kawo masa rake, muna hirar farashin gyaɗa, muryar Kawu tana gogewa a bayana. Da zaren ya ƙare na mayar na kunna. Babu komai sai huci. Na ce wata kwalba ce ta mutu ban lura ba.

Baƙon ya ajiye sauran rakensa. Sannan ya ce mahaifinsa manomi ne a Kudan, yana yaro ya ji tsohon nan ya wasa mahaifin nasa a gayya, abin da ya so ya sake ji ke nan. Ya ce in gaishe shi, ya tafi. Bai ƙara zuwa ba, ba a kuma kama kowa ba. Gaskiya ya faɗa ko dabara ce, na juya maganar nan shekara da shekaru ban gano ba.

Na je na roƙi Kawu a sake. Ya tambayi ina ta farkon, dole na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Ka ce sai na ce," in ji shi, ya juya ya ci gaba da ɗaure fatar gangarsa.

Bai kai wata damina ba. Bayan sadakar bakwai Inna ta zo shagon, ita da ba ta taɓa shigarsa ba. Ta zauna a bencin nan, ta gyara mayafinta, ta ce in kunna mata Yaya ta ji.