Mahaucin da Ya Gasa Kabewa

Babanmu mahauci ne ɗan mahauci, kuma ban taɓa jin ya yi sha'awar zama wani abu dabam ba. Muna yara idan aka tambaye mu 'ya'yan wane ne, sai mu ce na mai rumfar ƙarshe a layin mahauta, nan take a gane. Ba mai magana ba ne. Bai san ajin da muke ba a makaranta, ban kuma tuna ranar da ya ɗora ni a cinyarsa ba. Amma duk hutun ƙarshen shekara, idan dangi suka taru a gidanmu, shi ke hura gawayi tun da hantsi, shi ke gashi, shi ke yankawa. Ya san mai son kitse, ya san wanda haƙorinsa ya soma girgiɗi. A ranar nan kaɗai muke jin dariyarsa har ƙofar gida, kuma ba ya kai loma bakinsa sai ya ga kowa ya tsame hannu.

Bayan rasuwar Inna ne jikinsa ya soma ba shi wahala. Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a rumfa, abokan sana'a suka kwashe shi sai asibiti. Da aka sallame shi, babbar yayarmu, wadda nas ce, ta ce ba zai koma zaman kaɗaici ba. Aka ba da rumfar, aka zuba 'yan haya a gidan, Baba ya koma wurinta a hawa na uku na wani dogon bene mai matakala kamar ba za ta ƙare ba. Likita cewa ya yi ya rage jan nama da gishiri. Yaya ta ƙara nata a kai, ta soke har kaza da kifi. Yayata mutuniyar kirki ce, ba na musu, sai dai kirkinta irin wanda ba ya barin mutum ya shaƙi iska ne.

Ɗakin ɗanta da ya tafi jami'a aka ba shi, da hotunan 'yan ƙwallo manne a bango. Ba ya sauka sai ranar ganin likita, domin hawowar tana cinye masa numfashi. Iyakar yawonsa baranda ce, 'yar siririya, da igiyar shanya da tukunyar gas a gefe. Daga nan babu abin kallo sai filin ajiye motoci da bayan wani benen. Ni ce auta, malamar makaranta ce, ina zuwa duk Asabar. Nakan same shi zaune ya ɗora hannuwansa a gwiwa, manyan hannuwan nan masu tabon yanka, ba su da abin yi.

Da hutu ya ƙarato, Yaya ta kira kowa a waya ta sanar da hukunci. Taron bana a gidanta za a yi, tunda Baba ba ya iya fita, kuma ko ƙashi ba zai shigo ba, kada ransa ya biya. Yayana Injiniya ya yi dariya ya ce ashe bana kiwo za a kai mu. Don ta faranta wa Baba, sai Yaya ta ce shi zai tsara abincin gaba ɗaya, tunda shi ne masani. Na ce mata wannan ba karramawa ba ce, tsokana ce, a ce mahauci ya shirya walima da ganye. Ta ce ni dama bakina ya fi aikina. Baba kuwa da aka gaya masa, sai ya ce, "To."

Na ɗauka "to" ɗin fushi ce. Ashe ta kama aiki ce. Asabar ta gaba ya sa na sauko masa da wuƙaƙensa daga saman kabad, ya wasa su ɗaya bayan ɗaya, ya aike ni kasuwa. Kabewar farko da na kawo ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya ce ruwa ce zalla, in mayar. Na mayar ina gunaguni. Bai iya tunanin abinci ba sai ta hanyar sana'arsa. A wurinsa taro ba ya cika sai da abin taunawa, da abu mai maiƙo, da mai laushi saboda tsofaffi. Masara ta zama abin taunawa. Yalo ya ce yana shan mai yana riƙe hayaƙi, shi zai tsaya a madadin kitse. Kabewa ta tsofaffi, dankali mai zaƙi na jikoki, wake da shinkafa su riƙe ciki. Kowane abu da mutumin da yake nufi da shi: Injiniya na son gefen da ya ɗan ƙone, mijin Yaya sai da yaji mai sa hawaye.

An sha ɓarna kafin a dace. Kabewa ta riƙa narkewa tana zuba ta ramukan wayar gashi, har ya gano a yanka ta da kauri a bar mata ɓawonta. Da yake an hana gishiri, ya koma ga lemun tsami da tafarnuwa da citta, yana ɗanɗanawa yana yamutsa fuska. Nakan tsokane shi in ce yau wane ɓangaren kabewar zai ba ni, cinya ko ƙirji. Yakan ce auta ba ta zaɓe, ta jira abin da ya rage a wuƙa. Na yi murna ƙwarai a makonnin nan, domin tun faɗuwarsa ban ji ya mayar wa kowa da wasa ba.

Ana saura kwana kaɗan ya tsayar da ni a kicin, ya rage murya don kada Yaya ta ji.

"Auta, gaya mini gaskiya. Zai ƙosar da su?"

Na ce har ma ya yi yawa.

"Ban taɓa tara mutane suka tashi da yunwa ba," in ji shi. "Ba ni da gidan da zan kira su yanzu. Wannan ɗin kaɗai ya rage mini."

Ranar taro gidan ya cika maƙil. Takalma sun toshe ƙofa, yara a ƙarƙashin tebur, mata a kicin kowa na ba kowa umarni. Mai kula da benen ya yarda a hura ɗan gawayi a baranda, amma saboda hayaƙi Yaya ta sa aka ja ƙofar gilas aka rufe. Baba yana can waje shi kaɗai tsakanin shanya da tukunyar gas, yana juya yalo, yana hango mu ta gilas. Ni ke shiga da fita da faranti.

Yabo dai an yi shi, har ya so ya yi yawa. Kowa na ɗaga yanki yana nuna masa ta gilas yana jinjina kai. Sai dai farantan ba sa raguwa. Can Injiniya ya ce bari ya duba ko ya kulle mota. Mijin Yaya ya sa waya a kunne ya bi bayansa. Samarin gidan suka zame ɗaya-ɗaya, sai matan yayyena, kowa da ɗan uzurinsa. Ban kawo komai a raina ba, gidan dama ya yi zafi.

Na fita baranda ɗaukar masara, na tarar tana ƙonewa. Baba bai taɓa barin abu ya ƙone a gabansa ba. Ya dafa ƙarfen baranda yana kallon ƙasa, na matso na leƙa. Injiniya, da neman inuwa, daidai ƙarƙashinmu ya ajiye motarsa. But ɗin motar a buɗe, da babbar kular abinci a ciki. Waɗanda suka zame duk sun kewaye ta sun dudduƙa, kowa na yagar nama yana cusawa da sauri, maiƙo har gwiwar hannu. Yaya ma tana cikinsu. Ita ce ke raba musu takardar goge baki, tana duba fuskar yara ɗaya bayan ɗaya kafin ta bar su su hau, kuma ita ma tana tauna.

Raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan ƙwala wa Injiniya kira, Baba ya riƙe mini wuyan hannu, da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba.

"Kul. Ba ki ga komai ba, ni ma ban gani ba."

Na ce wallahi sai na faɗa musu, wannan cin fuska ne.

"In suka san na gani, kunya za ta kama su," ya ce. "Baɗi sai su ce a yi taron a gidan Injiniya don kowa ya sake. Ni kuwa ba zan iya sauka ba."

Ya saki hannuna, ya kankare baƙin masarar da wuƙa, ya jera ta a faranti ya miƙo mini.

Suka hawo ɗaya-ɗaya kamar yadda suka sauka, suna ƙamshin sabulu. Injiniya ya zuge ƙofar gilas ya ce, Baba, wannan yalon ai ya fi nama daɗi. Baba ya ce Allah ya yi albarka. Mijin Yaya ya ɗauki yankin kabewa ya yi ta juya shi a faranti. Yaya ta zo ta auna jinin Baba a gaban kowa, ta ce ya yi kyau, kun ga amfanin abin da na faɗa. Ni ban iya haɗa ido da ita ba. Na zauna na ci abincin Baba har cikina ya yi ciwo, amma cikin mutum ɗaya ba ya cinye girkin taro.

Da la'asar sakaliya aka watse. Ina kicin ina juye ragowar a robobi, robobin suka ƙare abinci bai ƙare ba. Baba ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa yana goge wuƙarsa da tsumma. Ya dubi tulin da ya rage, ya gama gogewa.

"Baɗi rabin wannan za ki sayo," ya ce. "Kuma ki gaya wa yayanki, kamar shawararki ce, ya riƙa ajiye motarsa ta ɗaya gefen benen."