Ƙauyen da Babu Wanda Ya Ɗauka

A shekarun da na yi a unguwar Hor Al Anz, can ƙasar Larabawa, ɗakinmu ɗaya da wani Bazamfare, gadonsa a sama, nawa a ƙasa. Sito guda muke aiki a Al Quoz, muna ɗaure kayan 'yan kasuwa masu tafiya Kano. Ba rediyo, ba majalisar ƙofar gida, saboda haka siyasar Najeriya kaf a waya muke shan ta. Da an zauna cin abinci kowa zai sunkuya, dama a shinkafa, hagu a kan waya. Mutumin da rabonsa da ƙuri'a tun kafin ya hau jirgi sai ya miƙe yana kumfar baki a kan gwamna, don kawai ya ji saƙon muryar wani da ko fuskarsa bai sani ba.

Sai gwamnati ta katse layin waya a jihar su abokin nawa Bazamfare, wai don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Mahaifiyarsa tana ƙauye, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ƙanensa ne ke kula da ita. Daga ranar bai ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Ana cikin haka wani bidiyo ya ɓulla a guruf-guruf. Bukkoki na ci da wuta, mata na gudu, an rubuta sunan ƙaramar hukumarsu a ƙasa. 'Yan adawa suka ce jiya-jiyan nan aka yi, magoya bayan gwamnati suka ce tsohon abu ne. Shi ba ruwansa da wanda ya ci gardama, gidansu yake nema. Ya tsayar da hoton, ya buɗa shi da yatsu biyu, ya miƙo mini.

"Malam, dubi tsamiyar nan. Ba ta bakin kasuwarmu ba ce kuwa?"

Ni da ban taɓa taka garinsu ba, me zan ce masa?

Ya rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa don Allah wane ƙauye ne, uwarsa tana can. Wani ya kira shi ɗan koren gwamnati, wani ya ce da 'yan adawa yake. Babu wanda ya amsa tambayar. Har gobe idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Daga baya wani ya zaƙulo asalin bidiyon. Ashe tsoho ne, kuma a wata ƙasa ma aka ɗauke shi. Abokina ya yi sujada a kan simintin sito, ya ce, "Khalas, an gama!" Ranar shi ya saya mana shayi.

Wata Juma'a mun dawo daga masallaci, saƙon ƙanensa ya shigo. Sai da ya tsallaka jihar maƙwabta kafin ya samu layi. Abokina ya kunna a fili, yadda muka saba kunna komai.

"Yaya, sai haƙuri. Tun satin da aka yanke layi suka shigo mana. Mun gudu daji, Inna ba ta iya gudu ba. Da muka dawo muka yi mata sutura."

Na kama hannunsa ina yi masa ta'aziyya, ya zare. Ya rubuta sunan ƙauyensu a intanet, ya bi shafukan labarai ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa guruf ɗin 'yan adawa, ya leƙa na gwamnati. Babu hoto, babu ko layi guda.

Ya ɗago ya dube ni.

"Malam, babu wanda ya sa. Anya kuwa gaskiya ne?"