Ranar da Na Kashe wa Sabar Ƙwaƙwalwa Ɗaya

A shagon intanet ɗin da na yi aiki a Tambuwal muna da wata tsohuwar sabar, wato babbar kwamfutar da sauran ke rataye da ita. Ta hannu ce, Turawa sun gama cin amfaninta kafin ta iso mu. Amma ƙwaƙwalwa biyu gare ta, ni kuwa ba wanda ban yi wa fankama da wannan ba, har mai rake na bakin titi ya sha labarin.

Halinta guda ne ya hana ni sakat. In shago ya cika aka danna mata aiki, sai ta sandare ƙam. Fanka na juyawa, fitila na ci, amma ko kibiyar kan allo ba ta motsi. Na hure ƙura, na sauya waya, na zagi janareta, duk a banza.

Ranar rufe rajistar jarrabawar shiga jami'a, wani shugaban makaranta ya iso daga Kebbe a kan babur, ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa, da fom na ɗalibansa ƙunshe cikin rawani. Ƙarfe shida za a rufe, wanda bai shiga ba sai baɗi. Ina jera takardun na ga ta can ƙasa da sunansa a gurbin uba. Na ce in fara da ita. Ya ce a'a, ɗiyarsa ce, ba zai sa ta gaban ɗiyan mutane ba.

Kafin la'asar sabar ta sandare sau uku. Kowace tayarwa kuma sai ta cinye mana kusan rabin awa tana miƙa. Wallahi na ji kamar in ɗauke ta in kai wa maƙera.

Da muka dawo daga salla, shugaban makarantar da maigidana mai shagon suka yi kiciɓis a ƙofar shago, wadda mutum ɗaya take ɗauka. Wannan ya ce bisimilla, wancan ya ce haba, ai ilimi ke gaba. Wannan ya ce ai baƙo ba ya riga mai gida. Kowa ya riƙe hannun ɗan'uwansa, mu kuma mun yi cirko-cirko a baya cikin rana. Ina tsaye ina ƙuna a zuci sai abin ya faɗo mini: haka ƙwaƙwalen nan biyu suke yi in aiki ya yi yawa, kowace ta riƙe wani abu tana jiran ɗayar ta saki.

Na kutsa ta tsakanin dattawan ba ko gafara, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na tayar da sabar da ƙwaƙwalwa ɗaya, na kashe wadda nake taƙama da ita. Sai ga ta tana tafiya, a hankali dai kamar tsohuwar jaka, amma ba ta sake tsayawa ba.

Biyar da rabi saura fom huɗu. Na sake roƙonsa in ɗauko na ƙasa, ya girgiza kai yana jan carbi. Shida saura 'yan mintoci na shigar da na yarinyar, muka zuba wa allo ido har takardar shaida ta fito daga firinta.

Ya karɓa ya karanta sunan sau biyu. Sai ya zauna a kan benci, ya share ido da bakin rawani.

"Da ba ta shiga ba," in ji shi, "ban san mi za ni ce ma uwatta ba. Tun asuba take tsaye bakin zaure."