Wayar Da Ta Faɗi A Kilomita Talatin

Duk wanda ya zauna a unguwar Barroquinha ya san Ɗanladi mai ɗingishi. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kamo shi daga ƙasar Hausa aka sauke shi a garin Salvador na ƙasar Brazil. Ya yi dakon buhunan sukari daga tashar jirgi zuwa kan tudu har ya fanshi kansa. Da wayar tangaraho ta iso garin, sai ya sami aiki a ofishinta da ke unguwar Comércio: hawan turakun waya da wankin tulunan batir, masu ruwan nan mai cin fatar hannu.

A nan wani tsohon mai gwajin waya ya lura mutumin nan kansa na ja, don ya taɓa hisabi wurin mahaifinsa kafin a sace shi. Tsohon ya ce masa, "Abu uku ne kawai. Akwai turin batir, akwai wutar da ke kwarara, akwai turjiyar waya. Raba turi da kwarara, ka sami turjiya. Ninka turi da kwarara kuma, ka san ƙarfin da wayar ke sha." Shi ke nan fa, an sosa wa Ɗanladi inda ke masa ƙaiƙayi. Kullum sai ya leƙa allurar ma'auni, ya rubuta abin da ya gani da ajami da lambobin Larabci, don su kaɗai ya iya.

Ciwon shawara ya kashe tsohon, kujerarsa ta zauna ba kowa. Sabon shugaban ofishin kuwa, wani Bature mai ɗaga hanci, ya ce bayan damina duk wanda ba ya iya hawa turke ya kama gabansa. Gwiwar Ɗanladi ta riga ta gama aiki. Kujerar gwajin nan ita kaɗai ce aikin da ba ya bukatar gwiwa, ita ya sa wa ido.

Ana tsakiyar daminar 1878 sai layin da ya nufi garuruwan rake ya ɗauke ɗif. Shugaba ya tara ma'aikata, ya ce su bi turaku ɗaya bayan ɗaya, ko da za su yi mako a cikin laka. Ɗanladi ya dubi allura ya ga ta zabura fiye da kullum, alamar waya ta taɓa ƙasa. Turi arba'in da takwas, kwarara ɗaya bisa biyar. Ya raba, ya sami ɗari biyu da arba'in. Kowace kilomita ta wayar ƙarfen nan turjiyarta takwas ce, ya sha auna ta. Ya sake rabawa: talatin cif.

Ya miƙa wa shugaba takardar lissafinsa da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, kada a wahalar da mutane. A kilomita ta talatin take, inda fadamar nan take. A kuma cire batir yanzu, don ƙarfi wajen goma ke tsiyayewa cikin laka a banza."

Shugaba bai ji ko kalma ɗaya ba, idonsa na kan rubutun. Tun boren Musulmi na 1835 mutanen garin nan in suka ga rubutun Larabci sai cikinsu ya ɗuri ruwa. Ya yar da takardar kamar ya taɓa garwashi. "Kai tsoho! Laya ka kawo mini ofis?"

"Lissafi ne, ranka ya daɗe. Ba ni alƙalami in nuna maka."

Ina! Ko sauraro bai yi ba. Ma'aikata suka fita, suka kwana huɗu suna cusa ƙafa a taɓo. Ran na biyar suka tarar da wayar kwance cikin fadama, a kilomita ta talatin, ba ƙari ba ragi. Da labari ya iso Ɗanladi har ya fara murmushi, yana satar kallon kujerar.

Shugaba ya kira shi gaban kowa ya ce, "Ɗayan biyu ne. Ko kai ka sa aka tsinke ta, ko tsafi ka yi. Ko wanne ne ba na son sa a nan. Ka gode ban kira 'yan sanda ba."

Kai, duniya! Da ya yi kuskure da dariya kawai za a yi masa, ya ci gaba da wankin tulunansa har ƙarshen damina. Daidai ɗin da ya yi shi ya kore shi. Ya hau tudu zuwa gida yana jan ƙafa, takaici kamar ya kashe shi.

Matarsa Jummai ta ce, "Haƙuri, Malam. Ai Allah ya ga gaskiyarka."

"Allah ya gani, Jummai. Ni mutum ɗaya nake nema da zai zauna ya raba arba'in da takwas tare da ni."

Ba a yi mako ba sunansa ya zagaye unguwa, wai Malam Ɗanladi yana gano abin da ya ɓata. Wata safiya maƙwabciyarsu Altine ta yi sallama, ta durƙusa, ta ajiye goro biyu. Akuyarta ce ta ɓace tun shekaranjiya.

"Baba, a taimaka a yi mini irin rubutun nan da aka yi wa waya."

Ɗanladi ya dubi goron. Sannan ya tashi ya shige ɗaki, ya kwaso takardunsa na shekara huɗu, ya miƙa wa Jummai ya ce ta hura wuta da su.